Huji Uku a Dunduniya

Zuwa ga Kawuna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Inna. Yaya kunnen? Da na kira ka a waya, amma na san inda za mu ƙare: ina ihu, kana "iye? iye?" har maƙwabta su taru. Shi ya sa na ba direban da ke kawo muku katako wannan takarda.

Kawu, ka zauna kafin ka ci gaba. Na faɗo daga rufi. Ƙadangaren naka da kake cika baki da shi ya sauko ba shiri. Muna jera kwano a wani gida mai hawa biyu, raɓar safe ba ta gama bushewa ba, na taka sabon falle, ka san maiƙonsa, sai kawai na ji ni a iska. Allah ya sa ban faɗi ta ka ko ta baya ba. A tsaye na dira a kan daɓen siminti, ƙafar dama ta riga ta hagu. Ƙarar da na ji a cikin ƙafar nan ko maƙiyina ba na so ya ji ta.

A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta nuna mini, ƙashin dunduniya ya farfashe, samansa ya lotsa kamar an taka gwangwani. Wallahi kai na fara tunawa. Na tuna tabon nan naka mai kwana kamar sukwayar awon katako, wanda muna yara muke roƙonka ka nuna mana. Na ce shi ke nan, na bi sahun Kawu.

Amma ta ce yanzu ba dole sai an buɗe ƙafa haka ba. Huji uku kawai suka yi, kowanne bai kai faɗin farce ba. Allura aka yi mini a baya, ƙafafu suka mutu, ina farke ina kallon allon da ke nuna musu ƙashin. Ta zura siririn ƙarfe ta ɗaga wurin da ya lotsa, daidai yadda muke ɗaga katakon da ya sauka, sannan ta ɗaure shi da dogayen sukurori. Har na ce mata in ta gaji da asibiti ta zo mu ɗauke ta aiki, ta yi dariya.

Ina gida yanzu, ƙafa a kan matashi, surukarka na ta ɗawainiya da ni. An ba ni sanduna biyu. Ɗan kwangilarmu ya zo dubiya, ya ce wurina na nan yana jirana. Kada ka tayar wa Inna hankali, ka ce mata targaɗe ne.

Ɗanka,
Ƙadangare

*

Ɗana Ƙadangare,

Takardarka ta iso. Muna lafiya, sai ƙafar nan tawa da ke yi mini tsiya in sanyi ya sauko. Innarka ba ta yarda da zancen targaɗe ba. Ta fizge takardar ta kai maƙwabta aka karanta mata, ta sha kukanta, yanzu tana gaishe ku. Kunne kuwa ka ƙyale shi, abin da ya kamata in ji ina ji.

Raɓa! Kai da girmanka, raɓa ta kayar da kai? Sau nawa na ce maka ka shafa kwano da tafin hannu kafin ka ɗora masa ƙafa? Ni hawa na koya maka, wannan saukar ban san inda ka koyo ta ba.

To, amma na yi hamdala da na zo wajen huji uku. Ashe taka karayar yara ce. Ni sai da aka jira kumburi ya saɓe, sannan aka tsaga ni daga bayan idon sawu har gefen tafin ƙafa, aka ɗaga fata kamar murfi, aka shimfiɗa mini farantin ƙarfe. Daga nan kwanar ɗinkin ta ƙi haɗewa. Ruwa, mugunya, wari, har Innarka sai ta ɗaure hanci take wanke mini. Na kusa shekara a kwance. Ranar da bakin ciwon ya rufe, likita ya dubi hoto ya ce, "Tashi ka taka, ai ƙashi ya daɗe da kamawa." Don haka ka riƙe wannan daga bakin wanda ya gani: in fata ta rufe, ciki ya gama aikinsa.

Ba ƙafarka ce ke hana ni sukuni ba. Ka san abin da muke faɗa wa duk kafintan da ya faɗo, ya koma sama da wuri tun tsoro bai sami wurin zama ba. Ni kwanciyar ce ta cinye ni. Ƙafa ta warke sarai, na je gindin tsani, na kama, na ɗaga ƙafa, sai na kasa hawa na juyo. Kowa ya san wannan, ba abin ɓoyo ba ne. Shi ya sa nake zaune a rumfar nan ina haɗa kujeru da tebura, bencina na kallon bango kamar yaron da aka hora.

Ka ci abinci, ka bar shagwaɓa. Ka gaishe mini da surukata.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawuna,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka ce wa Inna ta share hawayenta, da sauƙi. Surukarka na gaishe ku.

An cire zare. Kawu, in ka ga ƙafar sai ka rantse sauro ne ya cije ni sau uku. Kumburi ya sauka, fata ta yi sumul. Na ce wa likitar, "To, sai in taka?" Ta ɗaure fuska ta ce ko kusa. Wai wata uku ƙafar nan ba za ta ɗauki nauyina ba. Ta ce amfanin ƙananan hujin shi ne fata ta warke da wuri ba tare da ruɓa ba, amma ƙashi bai san an yi masa ƙaramin huji ba, lokacinsa zai ci cif. Sukurorin riƙe shi kawai suke yi kafin ya kama. Motsa idon sawu ta yarda in yi, ina zaune ina juya shi kamar mai korar ƙuda.

Abin da ke damuna mutane ne. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce in nuna masa wurin da aka yi mini aikin. In na nuna sai ya kalli ƙafar, ya kalli sandunan, ya kalle ni. Mai shagon ƙofar gidanmu ya ce, "Wannan ɗin ce tiyatar?" Da ina da tabo irin naka da an ji tausayina. Ni da kaina wani lokaci sai in ɗaga ƙafar in duba, in ji kunya.

Ɗan kwangila ya sake zuwa. Ya sami rufin wani babban ɗakin taro, irin aikin da nake mafarkinsa, doguwar gangara mai kwana shida. Ya sa wani ya riƙe layina na jera kwano "kafin in tashi". Ya daɗe yana kallon dunduniyar. Da ya tashi tafiya ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi," amma muryar ba irin ta zuwan farko ba ce.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Masu gyaran wuta sun jingina tsani a jikin falwayar da ke gaban tagarmu. Ina zaune ina kallon ɗayansu yana hawa, sai na ji tafin hannuna ya jiƙe, har sai da na kawar da kai. Ni, Kawu! Ni da nake cin abincin rana a kan ƙoƙuwar rufi ƙafafu na lilo. In na rufe ido sai in ji ni a iskar nan ban dira ba. Ina jin abin da ka faɗa ya fara shigata, kuma ina da sauran zama mai tsawo a ɗakin nan. Hankalina a tashe yake.

Ɗanka,
Ƙadangare

*

Ɗana,

Muna lafiya. Ba zan tsaya dogon gaishe-gaishe ba, direba na jira.

Na karanta takardarka na sake karantawa. Duk zancen likita da wata uku na wuce shi, don na gane inda ciwon yake. Yana wajen tsanin nan da tafin hannunka. Ni ma haka nawa ya fara, ta taga. Kuma ni ma a lokacin na iya jero dalilai masu kyau: likita ya ce, ƙafa ta ce, a bari sai an kwana biyu. Kada ka fake a bayan likita, ɗana, na san wannan maɓoyar, ni na gina ta.

Su likitoci in sun ce wata uku, ɗaya suke nufi, sauran biyun na kare kai ne. Kuma kai kafinta ne, ka yi tunani da kanka. Katakon da ka ɗaure da sukuru, wata nawa kake jira kafin ka hau shi? A ranar kake takawa. Ga sukurori a ciki, ga fata ta rufe, ba ruwa ba wari. Me kuma ya rage?

Ban ce ka ɗauki bandir ɗin kwano a ka ba. Ka ajiye sanda ɗaya, gobe ka ajiye ɗayar. Zai yi zafi, tawa ma ta yi, namiji ne kai. Sannan ka je wajen aikin nan ka kama tsani ka hau, ko ba ka buga ƙusa ɗaya ba. In ka bari aka rufe ɗakin taron nan ba ka taka samansa ba, wallahi ka sauko ke nan, kuma ba zan iya kallon hakan sau biyu a gida ɗaya ba.

Ga gudumata ta aikin rufi na ba direba ya kawo maka. Tun da na sauko take rataye. Ka kai ta sama ta sha iska.

Kawunka

*

Ɗana,

Lafiya kuwa? Shiru ya yi yawa. Motar direban ta lalace, ta daɗe a gareji, ban sani ba ko ka rubuto takardar ta maƙale a hanya. Wannan ta hannun wani fasinja na aiko, Allah ya sa ya cika alkawari.

Ka saurare ni da kyau. Duk abin da na rubuta maka a waccan takardar ka watsar da shi. Kada ka taka ƙafar nan. In ka fara, ka daina yau.

Wata mata ta zo in haɗa mata tebur, ashe a ɓangaren ƙashi na asibiti take aikin jinya. Ni da bakina da ba ya gajiya na hau ba ta labarinka, ina alfahari, na ce har na sa ka ajiye sanduna. Sai na ga ta ajiye jakarta. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Baba, me ka ce masa?" Na maimaita. Ta ce sukuru a cikin ƙashin da ya farfashe kamar sukuru ne a katakon da gara ta ci, yana riƙe da shi muddin ba a hau ba. Ta ce ni ciwona ne ya daɗe bai rufe ba har ƙashi ya riga shi warkewa, shi ya sa na ɗauka tare suke tafiya. Naka kuwa fatar ta yi gaba ta bar ƙashin a baya.

Ashe ka rubuta mini wannan da hannunka. Na ɗauko takardarka na duba, ga shi nan ɓaro-ɓaro, ni ne na tsallake shi.

Na sa an kira wayar matarka ya fi a ƙirga, tana shiga ba a ɗauka. Innarka ta daina yi mini magana. Don girman Allah ka aiko da ko layi ɗaya ne, ka ce mini kana zaune ka yi banza da maganar tsoho.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Inna. Surukarka ce ke rubutu, don ɗanka ya ce ba zai iya ba tukuna.

Takardarka ta ƙarshe a asibiti ta same mu. Kiran waya kuma na gani. Ban ɗauka ba ne don ban san abin da zai fito daga bakina ba, kuma ba a yi mini tarbiyyar ɗaga wa babba murya ba.

Ranar da gudumar ta zo ya ɗora ta a cinya ya yini yana shafa ƙotarta. Washegari ya ajiye sanda ɗaya. Na ce masa likita fa ta hana. Ya ce, "Kawu ya karye a wurin nan kafin a haife ki." Na yi roƙo, na yi kuka, na ɓoye takalmansa a bayan buhun gawayi, ya nemo su. Yana taka ƙafar gumi na keto masa, sai ya haɗiyi maganin ciwo ya ce zafin warkewa ne. Ranar komawa asibiti ta zo ya ƙi zuwa, wai za a yi masa faɗa.

Da ya je wajen aikin, ɗan kwangila ya duba ƙafar, ya ga ba ciwo ba bandeji, ya ce bismilla. Ban ga laifinsa sosai ba, ni ma da ido kawai zan bi da na ce ta warke.

Ya yi kwanaki yana hawa. Bai faɗo ba, Kawu, in wannan ne abin da kake son ji. Da ƙafarsa ya sauko daga tsani ran nan da yamma, ya zauna a kan bulo, aka yi aka yi takalmi ya ƙi fita, sai da aka yanka shi da wuƙa. Dunduniyar ta baje, ta yi faɗi, kan sukuru ɗaya na turo fata daga baya.

Likitar ta daɗe tana kallon sabon hoton. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce wurin da ta ɗaga ya koma ya lotse fiye da da, kuma gaɓar da ke saman dunduniya ta lalace. Yanzu sai sun buɗe ƙafar sosai. An sa ranar tiyata.

Ba ya cin abinci sai na tsaya a kansa. Ku sa mu a addu'a.

Surukarka

*

Ɗana,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Takardar surukata ta zo, na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune.

Ni na karya ka. Faɗuwa ta yi nata, likita ta gyara, ni na zo na rushe da alƙalami daga nan inda nake zaune. Tsorona na gani a takardarka, na bar ƙafarka ban gani ba. Na yi kuka, ban ji kunyar Innarka ba.

Ban ce ka yafe mini yanzu ba. Ka dai gaya mini abin da likita ta ce bayan aikin, komai muninsa, kada ka rage mini. In ka ce in zo, zan hau motar katako in zo. In ka ce kada in zo, na gane.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawuna,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ka yi haƙuri da daɗewar amsa. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

An yi aikin. Yanzu ina da tabo irin naka, mai kwana kamar sukwaya, har nawa ya ɗan fi tsawo. Masu zuwa dubiya sun daina tambaya, suna gani sai su ce "sannu" su kawar da kai. Tausayin da nake nema na same shi.

Ka ce kada in rage maka, to ga shi. Gaɓar da ke tsakanin dunduniya da idon sawu ba ta gyaruwa, sai suka manne ƙasusuwan biyu suka zama ɗaya. Likitar ta ce in ya kama zan yi tafiya a daɓe da kan titi, da ɗan ɗingishi. Amma gaɓar nan ita ce ke karkata ƙafa dama da hagu. Na ce mata, "A kan gangara fa?" Ta ce ƙafar ba za ta kwanta a kan gangara ba, kuma ba za ta ce mini in hau in gwada ba. Na ce, "Har abada?" Ta ce, "Har abada." Ka san rufi, Kawu, babu inda yake a shimfiɗe.

Na yi fushi da kai, ba zan ɓoye ba. Akwai ranar da na ce a fitar mini da gudumar daga ɗaki. Amma likitar ta faɗa mini gaskiya da bakinta tun farko, da kunnena na ji, kuma nawa kunnen lafiyarsa ƙalau. Na zaɓi maganarka ne don ita nake so in ji.

Abu ɗaya nake so ka sani, don ka yi gaskiya a nan. Ranar da na kama tsanin ɗakin taron, da tsoro na fara hawa. Ina kaiwa sama na zauna a ƙoƙuwa, iska ta buge ni, na hango garin duka a ƙasa, sai abin ya sake ni gaba ɗaya. Na ciro gudumarka na buga ƙusa, ƙarar ta tashi, na yi dariya ni kaɗai kamar mahaukaci. Tsoron ya tafi, Kawu, bai dawo ba. Shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da ya zauna da na sami abin da zai riƙe ni a ƙasa. Yanzu duk rufin da na gani ta gilashin mota sai in ji ƙafafuna na ƙaiƙayi, ina lissafa ta inda zan fara jera shi.

An gama ɗakin taron. An ce layin da na buga yana ɓangaren gabas. Ban je na gani ba.

Kada ka hau motar katako, mu za mu zo in an yarda in yi tafiya. Surukarka ta amince, ko da yake ta ce gaisuwa kawai za ta iya yi maka tukuna. Ban iya komai ba sai katako, kuma ban taɓa haɗa kujerar da ba ta girgiɗi ba, sai ka koya mini daga farko. Zan taho da gudumar, ka mayar da ita inda take rataye.

Muna yara mun sha yi maka dariya a kan bencin nan naka, muna cewa wane irin kafinta ne ke juya wa titi baya. Yanzu na gane, rufin gidaje ne ba ka son gani. Ka matsa mini wuri kusa da kai. Nawa ma ka sa shi ya kalli bangon.

Ɗanka